Yau ɗalibaina sun faranta min rai

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki, ya iyali? Wata nawa ke nan ko filashin ba ka yi min ba, to ni dai ga ni, akwai labari kuma akwai tambayar da zan maka.

Ka tuna kwas ɗin rubutun fasaha da nake ta maka ƙorafi a kai, in na tambayi yara mene ne manufar takarda sai duk su ce "don ta ba da bayani" kamar sun haɗa baki? To satin da ya wuce na shiga aji da littafin umarnin janareta da takardar nan da ake ninkewa a kwalin farasitamol, na ce tambaya ɗaya ce tak, wanda ya rubuta wannan me yake so mai karatu ya YI in ya gama karantawa?

Wallahi wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ita ta nuna gargaɗin da aka zagaye da layi, wai kar a kunna janareta a cikin ɗaki, ta ce malam manufa biyu ce a nan, a tsare ran mutum daga iskar nan mai kisa da ba ta da wari, sannan kamfani ya kare kansa in an kai shi kotu. Sai da tsigar jikina ta tashi.

Daga nan na kawo musu labarin kumbon Challenger na Amurka da ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa a 1986, mutum 7 suka rasu, alhali tun Yulin 1985 injiniya Roger Boisjoly ya rubuta wa shugabanninsa cewa matsalar zoben robar da ke toshe mahaɗar roket ɗin za ta iya cin rayuka. Na ce su nemo min jimlar da ke ɗauke da buƙatarsa. Ajin ya yi tsit, kowa ya duƙufa.

Af, Dogo ya sayi mota, har yau ribas na ba shi wuya. Kar ka yi dariya, ban manta abin da ka yi wa get ɗin nan ba.

Abin da ke damuna yanzu jarrabawa ce, ina tsoron su haddace "manufa biyu" su riƙa liƙa wa kowace takarda. Shi ya sa nake tara sabbi da ba su taɓa gani ba, in kana da tsohon rahoton gwaji daga wajen aikinku wanda ba sirri ba, turo min kafin ƙarshen wata don Allah.

A gaida madam da yara.

Naka har kullum.