A Yi Wa Masu Jinya Bayanin Bandejin Soso

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a shafinku na lafiya ku taɓo mana maganar bandejin soso da ake ɗaure gyambo da shi, don na lura masu jinya da yawa in aka ba su shi a asibiti ba sa sanin yadda yake aiki, sai su koma gida su riƙa ɓare shi kullum wai ciwo ya sha iska.

Wannan magana ta shan iska ita ce matsalar gaskiya. Tun 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada a jikin aladu ya ga raunin da aka rufe ya zauna da ɗan damshi ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. To a kan haka aka gina bandejin soso. Da roba ake yin sa, polyurethane, ciki yana tsotse ruwan da gyambo ke fitarwa, bayansa kuma akwai wata 'yar leda da ke barin gumi ya fita amma ta tare ruwa da ƙwayoyin cuta daga waje. Kuma fa ba soson katifa ba ne, kar wani ya yanko na gida ya liƙa, shi na asibitin an kashe masa ƙwayoyin cuta an rufe shi a leda.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda auduga ke mannewa a miki, a zo cirewa ta taho da sabon naman da ya fara tsirowa jini na zuba mara lafiya na ihu, shi zai gane amfanin abin nan, musamman irin mai silikon (wata roba mai laushi) kamar Mepilex da ba ya kama fata da ƙarfi. Yana iya kai kwana 7 ba a taɓa shi ba in ruwan bai yi yawa ba, amma da zarar ka ga jiƙewar ta kusa bakinsa to a canza, a wanke da ruwan gishirin asibiti, a goge fatar gefe ta bushe, a sa sabo wanda ya zarce bakin ciwon da kamar santimita 2.

Sai dai ba kowane ciwo ba. Na mai tsatsafo da ruwa ne, irin gyambon kwanciya, gyambon ƙafa, da na masu ciwon suga in likita ya duba ya amince. Busasshen ciwo ko mai baƙin mataccen nama ba nasa ba ne, babu abin da zai tsotsa, ƙuna mai zurfi kuwa asibiti kai tsaye. In aka ji wari, ko gefen ya yi ja ya kumbura, ko mugunya da zazzaɓi, kar a ce ai bai cika kwana bakwai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ganin tunda an liƙa shi shikenan an huta. Mara lafiyan da ke kwance dole a ci gaba da juya shi kusan duk awa 2, mai ciwon suga ya kula da sugansa ya daina taka ƙafar. Ku samo nas ko likita ya yi mana bayanin nan da Hausa, da hotuna in da hali.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku