Zuwa ga Auta a Tarabzon ta ƙasar Turkiyya: kafin ka ƙara wa kifin nan abinci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Mahaifiyarka da yayyenka duk suna gaishe ka. Saƙonka ya same ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na saurare shi sau biyu, na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Ka ce tun da zafi ya shigo, kifin bakan-gizo na gonar da kake koyon aiki ya tsaya cak, mako uku kuna aunawa babu ƙari, kuma maimakon a ƙara abinci sai mai gonar ya rage, har akwai ranar da ya hana a zuba ko ƙwaya ɗaya. Ka kira wannan rowa. Kada na sake jin kalmar nan a bakinka, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Mutumin ya san abin da yake yi, kai ne ka je wurin da idon mai kiwon tarwada.

Tarwadar da ka taso kana gani a tankunan bayan gidanmu zafi take so. In ruwa ya kai digiri 28, a lokacin take ci kamar gara, kuma Allah ya hore mata hanyar leƙowa sama ta shaƙi iska in ta cikin ruwa ta yi ƙaranci. Kifin bakan-gizo, wanda mutanen wurinku ke kira alabalik, ba shi da wannan gata. Asalinsa kogunan sanyi ne na yammacin Amurka ta Arewa masu zuba a tekun Fasifik, daga Alaska har Meziko, sai kuma Kamcatka a gabashin Rasha. Tun daga 1879 aka riƙa ɗibar ƙwansa a kogin Makalawud na Kalifoniya ana rarrabawa, a hankali har ya kai nahiyoyi. Amma duk inda aka kai shi, da halinsa na ɗan ƙanƙara yake zuwa.

Jikinsa ruwa yake bi. Tun yana ƙwai haka ne: a ruwan digiri 10 wata guda da 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe, in ruwan ya fi haka sanyi sai kwanakin su ƙaru. Girmansa ya fi sauri tsakanin digiri 12 zuwa 18. Ƙasa da digiri 5 kusan kwanciya yake yi, ya ɗan tsakuri abinci ya bari. Da ruwa ya haura 20 sai cinsa ya ja baya, wajen 25 kuwa maganar mutuwa ake yi. Ka ce naku yana kai 20 da la'asar. To ai ka ba kanka amsa.

Ga inda nake so ka natsu. Ruwan sanyi ya fi riƙe iskar oksijin. A digiri 10, lita guda tana ɗaukar kusan miligiram 11, a digiri 20 kusan 9, kuma gonar da ke kan tsauni irin taku nata ya gaza haka. Shi kuma kifin, zafi yana ƙaruwa buƙatarsa ta iskar tana ƙaruwa, ta sake yin sama bayan ya ci, domin narka abinci iska yake ci. Kenan a daidai lokacin da ruwa ya talauce, a lokacin kifi ya fi nema. Wannan kifi ba ya sakewa in iskar ta yi ƙasa da miligiram 6.

Na ga wannan da idona lokacin da aka tura mu kwas ƙasar Ingila ina saurayi. Wata rana da bazararsu ta yi zafi, aka bar ni da magudana guda ta siminti. Na zo da bokiti, kifin ya taso yana cinkoso a gabana, na ce yunwa ce, na zuba musu har suka daina karɓa. Ba a yi awa biyu ba sai na ga sun tattaru a bakin da ruwa ke shigowa, kai sama, baki buɗe, kumatu na bugawa da sauri. Zuwa magariba manyan cikinsu sun juya farin ciki sama, jan zanen nan na gefensu ya dushe. Manyan ne suka fara tafiya, domin su suka fi ci. Dattijon da ke koya mana bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini ma'aunin zafi da raga, ya ce in kwashe gawar in ƙirga. Har gobe ba na zuba wa kifi abinci sai na duba ruwa.

Saboda haka kifin da bai ƙaru ba a makonnin nan bai yi asara ba. Da zarar sanyi ya dawo zai buɗe ciki ya rama. Da abinci mai kyau, wanda sinadarin gina jikinsa ya kai kashi 40 cikin 100 ko fiye, kilo guda da ɗan ɗori yana ba da kilo guda na nama, kuma cikin shekara ko ƙasa da haka ake samun mai giram 250 zuwa 300 da ake kai wa gidajen abinci.

Sai tambayarka ta biyu, me ya sa 'yan ƙyanƙyasa ɗaya, a ruwa ɗaya, wani ya ninka wani. Wannan ka san shi tun a gida. Kifin nan mai kama wuri ne. Ƙarfafa su tare inda abinci ke faɗowa, raunana su koma ƙarshen magudana inda ruwa ya riga ya gaji. Mai ci ya ƙara ƙarfi, mai ƙarfi ya ƙara ci, kashin dankali sosai. Maganinsa warewa a kan kari, kowa da sa'ansa, da watsa abinci ko'ina maimakon jibge shi wuri guda. Amma ba a warewa cikin zafi, kuma sai an bar su da yunwa kwana guda kafin a taɓa su.

Akwai kuma balaga. Namiji kan balaga da wuri, wani tun yana shekara ɗaya ko biyu, mace kuma shekara biyu zuwa uku. Da hakan ta faru abinci ya daina zama nama, ya koma ƙwai da maniyyi, jiki ya yi duhu, tsoka ta yi laushi ta kwaɗe. Shi ya sa masu son manyan kifi suke kiwon mata zalla, ko su matsa ƙwan da ƙarfin na'ura jim kaɗan bayan an haɗa shi da maniyyi, kifin ya fito juya, duk abin da ya ci ya tafi jiki. Wanda ya fi kowanne nauyi da aka taɓa kamawa da ƙugiya, mai kilo kusan 22, a tafkin Difinbeka na Kanada aka same shi a 2009, tafkin da irin waɗannan juyoyin suka taɓa tserewa ciki daga kejin wata gona.

Abin da ya fi ba ni mamaki da halittar nan, iri ɗaya ne amma wuri ke yanke masa girma. Wanda ya zauna a ƙaramin rafin dutse yana cin ƙwari yakan tsufa bai kai rabin kilo ba. Ɗan'uwansa da ya gangara teku ya koma cin ƙananan kifaye yakan dawo da kilo huɗu ko biyar, jiki fari kamar azurfa. Turkawa sun yi amfani da wannan: su rene shi a ruwan daɗi, in sanyi ya shigo su kai shi keji a Baƙin Teku da ke gabanku, su kwashe shi kafin zafin bazara ya kama ruwan. Ka roƙi a tafi da kai ranar da za a yi jigilar, ko ɗaukar tiyo ne aikinka.

Game da burinka na kawo shi Mambila, ban hana ka ba. Ana kiwonsa a Afirka, a gindin Dutsen Kenya da madatsar Katse ta Lesoto. Sai dai sanyin da mutum ke ji a jikinsa daban, sanyin rafi da rana tsaka a watan Maris daban. Sai ka auna ruwan wurin shekara guda cur kafin ka sa ko sisi.

Yanzu abin da nake so ka yi: ka sayi littafi mai kauri. Kullum da asuba da la'asar ka rubuta zafin ruwa da yawan iska, da abin da aka zuba, da wanda ya mutu. Duk mako biyu ka rubuta nauyi. In ka ga mai gonar ya sauya wani abu, ka rubuta, sannan ka tambaye shi dalili cikin ladabi a lokacin da ya huta. Kuma in an yanka babba, ka kankaro ɓawo ɗaya daga gefen bayansa ka duba a madubin ƙara girma na makarantarku. Za ka ga zobe-zobe kamar na kututturen itace, masu tazara na lokacin da ya ci ya ƙoshi, matsattsu na lokacin da ya tsaya. Ka ɗauko mini hotonsa, na daɗe ban gani ba.

Mahaifiyarka ta ce in tambaye ka ko rigar sanyin da ta aiko ta iso. Ka kira ta ranar Lahadi. Ka kula da salla, Allah ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka