Kafin Ka Kafa Tanti a Bakin Kwazazzabo

Unguwar Rimi, Kaduna.

Assalamu alaikum Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya matsa mana. Hadari kullum haɗuwa yake ta wajen Kawo da yamma, ya yi baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, sannan ya watse.

Saƙon muryar da ka turo kan tafiyarku zuwa Grand Canyon, babban kwazazzabon nan na Amurka, ya iso. Ummanka ta saurara sau uku, sannan ta miƙo mini wayar tana cewa, "Alhaji, ka ji ɗanka, wai daji zai je ya kwana." So ta yi in hana ka. Na ce mata mutumin da ya yi shekara talatin yana aikin safiyo, yana kwana a tanti daga Birnin Gwari zuwa Kagoro, ba shi da bakin hana ɗansa kwana uku a daji. Ka je, Allah ya kiyaye hanya. Amma tun da ka yi shawara da ni, sai ka haƙura ka karanta har ƙarshe.

Ka ce ku huɗu ne, bayan jarrabawa a watan Mayu, kuma kun zaɓi zangon Desert View saboda ya fi na Mather shiru. Na fito da taswira na zauna da ita, tsohon hali ba ya barin mai shi. Wurin yana gefen gabas na bakin kudu na Grand Canyon, kimanin kilomita 40 daga ƙauyen da jama'a suka fi cika. Kwazazzabon kansa tsawonsa kilomita 446, wato kusan ka tashi daga Kaduna ka je Kano ka dawo, zurfinsa kuma ya kai kilomita ɗaya da rabi har da ɗoriya. Kogin Kwalarado ne ya yi ta cin dutsen nan a hankali har ya zama haka, kuma tun 1919 gwamnatin Amurka ta keɓe wurin ya zama gandun ƙasa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tudun. Inda za ku kwana ya haura mita 2,200 daga doron teku. Jos da muke zuwa muna rawar ɗari mita 1,200 ce da 'yan kai. Ka auna da kanka. Rana za ta yi muku daɗi, amma dare zai iya sauka kusa da digiri 5 ko ƙasa da haka, ko a watan Mayu. Kada ka dogara da rigar sanyin da ka tafi da ita daga Kasuwar Barci. Ka ari jakar barci mai kauri, ka kuma sa shimfiɗa tsakaninka da ƙasa, don sanyin da ke karya mutum a tanti daga ƙasa yake tasowa.

Idan sanyin ya ishe ku, wani a cikinku zai ce a shigo da murhun gas cikin tanti a ɗan ɗumama. Ko waye shi, ka ƙi. Kai shaida ne ga irin labaran da muke ji a nan duk lokacin hunturu, na iyalin da suka kwanta da gawayi a ɗaki ko janareta a falo, gari ya waye ba wanda ya tashi. Iskar gubar da irin waɗannan ke fitarwa ba ta da wari, barci kawai take ƙara wa mutum nauyi. Girki a waje, kullum. Kuma ka ƙara wa shinkafarka lokaci, a irin wannan tudun ruwa yana tafasa tun bai yi zafin da ka saba ba, sai ka ga tukunya na ɓararraka amma ƙwayar tana nan da ƙarfinta.

To, yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu maimakon in kira ka.

Duk dutsen da ka taɓa hawa a gida, Kufena ne ko duwatsun Kajuru, hawa ake fara yi. Kana da ƙarfinka kake biyan wahala, idan ka gaji sai ka juyo, gangara ta kawo ka gida. Kwazazzabo ba haka yake ba. Shi daɗin yake ba ka bashi tun da safe, ƙafa na tafiya da kanta, iska na kaɗawa, kowane lungu ya fi na baya kyau, kana cewa bari dai mu ƙarasa wancan dutsen. Biyan bashin sai rana ta take, ruwa ya yi rabi, gwiwa ta yi sanyi. Kuma duk taku ɗaya da ka yi ƙasa, zafi ƙaruwa yake. Tsakanin bakin da gindin kogin bambancin ya wuce digiri 10, a tsakiyar bazararsu ƙasan yana haura 40.

Ban taɓa ba ka labarin nan ba saboda ba abin alfahari ba ne. Kafin a haife ka, muna aiki a kudancin jihar nan, a cikin watan Maris, aka ce akwai wani tsohon turken siminti na safiyo a gindin wani kwari. Na leƙa daga sama, ga shi nan kamar in miƙa hannu in taɓa. Na bar gorar ruwana wajen yaron da ke riƙe mana sanda, na ce masa yanzu zan dawo. Minti arba'in suka kai ni ƙasa. Na ga turken, na rubuta lambarsa, na juyo. Babana, ban kai rabin hawan ba harshena ya zama kamar tsumma. Cinyata ta dama ta ɗaure, na zauna a kan wani dutse mai zafi kamar tanda, ina kallon wata tsada tana tsalle a reshe, ina jin haushinta don ita ba ruwanta. Na yi kira, muryata ko ni ban ji ta da kyau ba. Wani Bafulatani ne da ke kiwo ya hango farar hulata. Bai ce mini komai ba, ya kwance 'yar gorarsa ya miƙo, ya tsaya ya dogara da sandarsa har na sha na dawo hayyacina. Da na yi masa godiya sai ya ce, "Malam, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya." Hawan da na zata na minti arba'in, sai da ya cinye kusan awa uku. Kwarin nan kuwa, in aka jera shi da wanda za ka je, ramin kurege ne.

Masu kula da gandun suna faɗa wa kowa cewa hawa yana cin ninki biyu na lokacin gangara, kuma kada wanda ya yi gangancin zuwa kogi ya dawo a yini ɗaya. Ni zan ƙara maka nawa. Tun kuna sama, kafin ƙafa ta taka hanya, ku yanke ƙarfe nawa za ku juyo, kuma idan lokacin ya yi ku juyo ko da kowa na jin zai iya ƙara gaba. Wanda ya jira sai ya gaji kafin ya juya, ya makara. Na san samari, babu mai son a ce shi ya fara karaya. Ka ɗauki wannan kunyar a kanka, ka ce mahaifinka ne ya sa ka yi alkawari, su yi maka dariya, ba komai.

Akwai wata hanya da ake kira Tanner da ke sauka daga Lipan Point, kusa da zangonku. Kusancinta zai ja ku. Ku bar ta, ba ruwa a kanta sai an kai kogi, ba inuwar kirki, ta gwanaye ce. In kuna son ɗanɗana cikin kwazazzabon, ku shiga mota ku je hanyar Bright Angel, inda akwai rumfunan hutawa a mil ɗaya da rabi da kuma mil uku. Ko can ɗin ku tambaya da safe ko famfon na kawo ruwa, kuma ku ɗauki naku kamar babu. Ku fita bayan asuba, ƙarfe goma ta same ku kuna hanyar dawowa. Ruwa kaɗai kuma ba ya isa. Mai zufa yana zubar da gishirin jikinsa, idan ya yi ta ɗura ruwa ba ya cin komai, jiri da amai za su kama shi kamar mai ƙishirwa. Ka cika aljihu da gyaɗa mai gishiri da dabino. Ummanka ta so ta aiko maka da kilishi, na tuna mata kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga, shi ya sa za ka ga ƙuli-ƙuli da yaji kawai.

Maganar hoto ba zan ja ta ba. Yawancin bakin nan ba shinge. Ka bar mita biyu tsakaninka da gefe, kada ka ja da baya kana kallon waya, kada ka tsallake ƙarfe inda aka sa shi. Hoton da aka ɗauka daga nesa kaɗan ma muna so.

Dabbobin wurin sun saba da mutane, kuma nan matsalar take. Akwai wata irin barewa da girmanta ya kai na gwanki, tana shigowa har tsakiyar tantuna. A ba ta mita 30, musamman macen da ke da ɗa, don ƙarshen Mayu zuwa Yuni lokacin haihuwarsu ne. Kuregen wurin ya fi kowa cizon baƙi, saboda masu miƙa masa abinci a tafin hannu. Hankaka kuwa kafin ka juya baya ka ɗauko gishiri, ta buɗe leda. Abinci ya kwana a mota. Takalmi kuma a kakkaɓe shi kowace safiya kafin a zura ƙafa, wannan tun kana yaro na koya maka. Itacen wurin ba a tsinta, sayen na wuta ake yi, kuma wani lokacin sukan hana kunna wuta gaba ɗaya idan daji ya bushe. Ka tambaya, kada ka ce ai a gida haka muke yi.

Sallah ba za ta ba ka wahala ba. Tafiyar ta wuce tazarar ƙasaru nesa ba kusa ba. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, har ta fi karkata arewa, don haka ka daidaita ta tun da rana ka ajiye dutse ya zama alama, kada ka dogara da waya, sabis ɗin wurin zuwa yake yana ɗaukewa. Saboda haka ma, kafin ku bar gari ka gaya wa wani da ba ya cikin tafiyar inda za ku kwana da ranar dawowa. Shirun da kuka bi har can, shi ne kuma nisan da taimako zai yi kafin ya iso.

Ban so wasiƙar nan ta zama duk gargaɗi, don gaskiya kishinka nake. Kai ɗan Kaduna ne, kunnenka bai taɓa hutawa da janareta da hon ɗin Keke Napep ba. Daren farko shirun zai dame ka, za ka riƙa jin ƙarar jininka a kunne. Kada ka yi saurin kunna waƙa. Ka kashe tocila, ka ba idonka minti ashirin, sannan ka ɗaga kai. Tun 2019 aka sa gandun cikin wuraren da ake kare duhun samansu daga hasken lantarki. Rabona da ganin taurari irin haka tun muna kwana a dajin Kamuku, lokacin da mutum ke bin hanyar Birnin Gwari da tsakar dare ba abin da ke ransa sai ramukan titi.

Akwai hasumiyar dutse kusa da zangon, wadda wata mai zanen gine-gine, Mary Colter, ta zana aka gina a 1932, tsayinta mita 21. Daga wajenta ana hango kogin yana lanƙwasa. A cikinta akwai zanen bango na Fred Kabotie, mutumin ƙabilar Hopi. Ka tsaya ka duba da kyau, don wurin nan yana da masu shi tun kafin a yi Amurka, su Hopi da Nabaho da Habasufai, waɗanda har yau wasunsu a cikin kwazazzabon suke zaune. Kai baƙo ne a ƙasar kakannin wasu. Kada ka rubuta sunanka a jikin dutse, kada ka ɗauko ko tsakuwa. In tsaraba kake so, ka saya a rumfunan Nabaho da ke bakin titi ta wajen garin Cameron.

Tsakaninmu awa takwas ne. Idan ka idar da asuba ƙarfe biyar, mu nan ƙarfe ɗaya ta yi, muna shirin azahar. Ummanka ta ce a daidai wannan lokacin za ta riƙa ajiye waya kusa da dardumarta, to duk inda ka samu sabis ka turo ko da kalma ɗaya ce. Autarmu ta ce a gaya maka ita hoton barewar take so, ni kuma na ce daga mita 30. Kakarka tana gaishe ka, ta tambaya ko akwai sauro a can, na ce mata zan tambaye ka.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.