Wasiƙa zuwa Damagaram: ka yanke wa kwamfutarka ɗakin ceto

Kano.

Aminina Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ya Damagaram, ya ƙurar hunturu? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Saƙonka na murya ya iso, har sau biyu na saurare shi. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna bayan isha'i na rubuto maka, don ka ajiye takardar kusa da kai ranar da za ka yi aikin.

Ka ce kwamfutocin makarantarku sun hana ka sakat. Yau wannan ta ƙi tashi, gobe waccan ta kwashi bairos, kullum kana bisa babur zuwa wajen mai gyara, shi kuma maganinsa ɗaya ne, a yi fomatin. Abin ya taɓa ni, domin ban daɗe da ganin irinsa ba. Ɗiyar maƙwabcinmu, tana shekarar ƙarshe a jami'a, ta shigo shagona da laftof a rungume cikin hijabi, idonta ya yi ja. Ta hannu ce aka saya mata, batirin ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take aiki. Windows na tsakiyar sabunta kanta, ga rubutu a fuskarta cewa kada a kashe, sai aka ɗauke wuta. Tun daga nan shuɗin allo kawai take nunawa. Da na leƙa cikin faifan, sai na tarar wanda ya sayar da ita ya share ɗakin ceto, wai don fili ya ƙaru. Na samu na kwashe mata rubutun bincikenta, alhamdu lillahi, amma kwana na yi ina sauke Windows, abin da ya haura gigabait 5, ina kuma farautar direban wayales, wato manhajar da ke sa wayales ɗin kwamfutar aiki. Da ɗakin yana nan da hoto a ajiye, da kafin ta gama shan ruwa aikin ya yi nisa.

Bari in fayyace maka, domin abu biyu ne mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya. Ka ɗauki faifan kwamfuta kamar fili ne da aka yanka ɗakuna. Babban ɗakin shi ne C, inda Windows take zaune. A gefe akwai wani ɗan ƙarami da ba ya fitowa fili, a cikinsa akwai fayil mai suna winre.wim. Wata ƙaramar Windows ce mai zaman kanta, tun zamanin Windows Vista take, aikinta ta tashi idan babbar ta faɗi. In kwamfuta ta kasa tashi sau biyu a jere, ita ce ke fitowa da kanta. Wannan shi ne ɗakin ceto. Na biyun kuwa shi ne hoton tsarin kwamfuta, wato cikakken kwafin C yadda yake a ranar da ka ɗauka, da Windows da direbobi da manhajoji, har da kalar da ka sa a fuska. Ƙaramar Windows ita ce magini, hoton shi ne tubali. In ɗaya babu, ɗayan ba zai tayar maka da gida yadda ka bar shi ba.

Kamfanoni suna sako irin wannan tun daga masana'anta, shi ya sa a HP ake danna F11, a Acer Alt da F10, a Asus F9, Lenovo kuma tana da ɗan maɓallin Novo. Amma kwamfutar da ta bi hannu uku kafin ta iso mana, da wuya ka samu nata da rai.

To ka fara da dubawa. Buɗe cmd, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, da izinin mai gida (administrator), ka rubuta reagentc /info. Kada Faransancin Windows ɗinku ya dame ka, umarnin duk ɗaya ne. In ta nuna ɗakin ceto a kunne yake, ta kuma faɗi inda yake, ka huta da rabin aiki. In babu, sai ka rubuta reagentc /disable, ka leƙa C:\Windows\System32\Recovery ka tabbatar winre.wim yana ciki. Ɓoyayyen fayil ne, sai ka sa a nuna fayilolin tsari. Idan an share shi tare da ɗakin, ana ciro shi daga cikin install.wim na filashin da ake saka Windows da shi.

Daga nan ka shiga diskpart, manhajar yanka ɗakunan faifai. A nan nake roƙonka ka nutsu, domin wannan manhaja ba ta tambayar mutum ko ya tabbata. Ka kwashe muhimman takardu tukuna, ka kuma tabbatar akwai wuta tsayayya ko batiri mai rai. Ka zaɓi C, ka rage shi da shrink desired=1000, ka yi create partition primary, sannan format quick fs=ntfs. Sai ka sa masa alamar da Windows ke gane ɗakin ceto da ita. In faifan yana kan sabon tsarin yanka ɗakuna ne na GPT: set id=de94bba4-06d1-4d40-a16a-bfd50179d6ac, sannan gpt attributes=0x8000000000000001. Ka ƙirga sifilin nan da yatsa, guda 14 ne tsakanin 8 da 1. In kuwa tsohon tsari ne na MBR, set id=27 ya wadatar, sai dai ka tuna MBR ɗakuna huɗu kawai yake ɗauka na asali. Ka fita, ka rubuta reagentc /enable.

Za ka ce me ya sa megabait 1000, alhali na asali sau da yawa bai wuce rabin haka ba. Dalili shi ne a watan Janairun 2024 Microsoft ta fitar da wata sabuntawa, KB5034441, wadda ta ƙi shiga kwamfutoci da yawa masu Windows 10, tana nuna lambar kuskure 0x80070643. Sabuntawar na neman sararin megabait 250 a ɗakin ceto, shi kuwa ya yi ƙanƙanta. Gara ka yanka shi da yalwa tun farko.

Yanzu hoton. Wannan shi ne wurin da na fi so ka ba wa lokaci, domin duk abin da ka ɗauka shi zai dawo maka. In ka ɗauki hoton kwamfuta mai ciwo, ciwon za ka dawo da shi. Saboda haka ka gyara ta tsaf, ka saka direbobi da manhajojin da yara ke koyo da su, ka gama sabuntawa, ka share tarkace. Sai ka yanki wani ɗaki babba, kamar gigabait 60 ko fiye, gwargwadon nauyin da ke C. A cikin Control Panel akwai wurin ajiya da maidowa wanda har yau yake ɗauke da sunan Windows 7 a jikinsa, nan za ka zaɓi ƙirƙirar hoton tsari, ka nuna masa sabon ɗakin. Zai yi jaka mai suna WindowsImageBackup. Kada ka sauya mata suna, kada ka tura ta cikin wata jakar, in ba haka ba ranar buƙata ba za a gan ta ba. In ya gama, ka cire wa ɗakin harafin da ake kiransa da shi, kamar yadda ake kiran babban C, don kada ɗalibai su gan shi su zuba finafinai. Tun 2017 Microsoft ta ce ta daina bunƙasa wannan hanya, amma tana aiki. In ka fi son wata, akwai Clonezilla, kyauta ce, a Taiwan aka ƙirƙiro ta, ni da ita nake aiki in kwamfutoci iri ɗaya ne da yawa.

Lokacin da kake ajiye hoton, Windows za ta gargaɗe ka cewa faifai ɗaya ne da wanda kake kwafewa. Ka ɗauki gargaɗin da gaske. Rumbun da ke cikin gida yana maganin yunwa, amma in gobara ta kama gidan, tare za su tafi. Ɗakin ceto zai fishe ka daga bairos da ɗaukewar wuta da ɓarnar yara, amma in faifan ya mutu, ko aka sace kwamfutar, shi ma ya tafi. Don haka ka sake ɗaukar hoto a faifan waje, ka kuma haɗa filashin ceto mai gigabait 16, ka kulle su a durowar da ba a ɗakin kwamfutocin take ba. In akwai kwamfutar da aka kulle faifanta da BitLocker, makullin faifai na Windows, ka rubuta lambobin buɗe ta guda 48 a takarda, domin za a tambaye ka su. Kuma ka koya wa malamai su daina ajiye jarabawa da sakamako a C, saboda maido da hoto yana shafe duk abin da aka zuba a can bayan ranar da aka ɗauka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zaɓi kwamfuta ɗaya ka gwada tun tana lafiya: riƙe Shift, ka danna sake kunnawa, ka shiga Dépannage, ka bi Options avancées har ka kai wurin maido da hoton tsari, ka bar shi ya yi aikinsa har ƙarshe. In ta tashi yadda ka bar ta, sai ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ka taɓa diskpart, ka ɗauko min hoton abin da reagentc /info da list partition suka nuna, ka turo ta waya in duba, musamman tsofaffin nan biyu da ka ce suna ƙara. Ina zargin faifansu ne ya gaji, in haka ne sauya shi za a fara yi.

Ka gaida min Baba da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida uwargida da yara. Maiɗakina tana gaishe ku, ta ce har yanzu tana jiran ziyarar da kuka yi alkawari bayan salla.

Wassalam,
Naka amini.