Wa ya ce jiƙo ba ya tsufa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wallahi raina ya ɓaci da shirinku na kiwon lafiya na daren Lahadi. Baƙonku ya buɗe baki ya ce maganin itace ba ya lalacewa, wai ko shekara ya yi a gora ƙarfi yake ƙarawa, mai gabatarwa kuma sai madalla yake ta yi masa. Haba! Mutanen ƙauye fa duk abin da rediyo ya faɗa shi ke nan.

Ni malamin kimiyya ne, kuma abin ya faru a gidanmu. Gwaggona tana fama da asma, ta sayo jiƙo mai zaƙami wajen masu mota da lasifika ranar kasuwa. Gorar ta daɗe tana shan rana a saman mota, ga kanwa a ciki. Ta sha ba ta ji komai ba, sai ta ninka. Da ya ƙare aka kawo mata sabo, shi ma mai zaƙami amma jiƙon tsamiya, ta sha daidai yadda ta saba. Cikin dare bakinta ya bushe ƙamas, baƙin idonta ya buɗe, jiki zafi rau, tana ta sambatu ba ta gane 'ya'yanta. Da ƙyar muka samu motar kai ta asibiti a Gusau. Allah ya yi da sauran kwana.

Sinadaran da ke aiki a zaƙami wani rukunin sinadaran tsirrai ne da ake kira alkaloyid, irin su hayosayamin da sikofolamin. Ruwan tsami yana mayar da su gishirin da ke narkewa sosai, shi ya sa tsamiya ke tatso su da yawa. Kanwa da zafi kuwa suna juya hayosayamin ya koma atirofin, wanda ƙarfinsa kusan rabi ne, in aka daɗe ma ya tsinke gida biyu ya daina aiki. Ganye ɗaya, mai magani ɗaya, amma abin da ke cikin gorar ya sha bamban. To da wane ludayi za a auna? Risafin ma, maganin hawan jini da aka ciro daga saiwar itace a 1952, haske kaɗai yana ɓata shi, shi ya sa ake ɓoye shi daga rana. Ko maganin gargajiyar da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta yi wa rajista sai an rubuta masa ranar daina aiki.

Ba na raina maganin iyaye da kakanni, da shi muka tashi. Amma don Allah ku gayyato masanin harhaɗa magunguna ya gyara wannan magana a wannan fili, a wannan lokaci.

Sannan layin wayar da kuke bayarwa ba ya shiga. Na yi ta kira har shirin ya ƙare. In ba za ku ɗauka ba ku daina karanto mana lambar.

Naku mai sauraro,
daga Talata Mafara, Jihar Zamfara