Zaman cuɗanya a Kaduna: ribarsa da tsadarsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan masu cewa cuɗanyar ƙabilu da addinai ce ta hana Kaduna zaman lafiya.

Na tashi a gidan haya a Kakuri lokacin da masaƙu ke aiki, inda maƙwabciyarmu Bayarabiya ce ke yi wa mahaifiyata rakiya asibiti, mu kuma mu kai mata tuwon salla a kwanon sha. Ban musanta cewa zaman yana da wahala ba, domin saɓanin al'ada kan jawo zargi, 'yan siyasa kuma su hura wutarsa. Amma tun bayan rikicin shekarar 2000, da jama'a suka rabu, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogin Kaduna, Kirista a kudancinsa, 'ya'yanmu ba su san juna ba sai ta bakin jita-jita, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Ina kira ga gwamnatin jiha da ta ƙarfafa makarantun da yaran ɓangarorin biyu za su zauna aji ɗaya.

Naka mai karatu,
daga Kaduna