Koriya ta Kudu a Kofin Davis da abin da ya shafi yaranmu na Zango

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in ja hankalin masu kula da shafin wasanni zuwa ga ƙwallon tanis, musamman gasar Kofin Davis, wadda maza ke bugawa da sunan ƙasashensu tun shekarar 1900. Na zaɓi Koriya ta Kudu ne saboda a can ma tanis ba shi ne wasan da ya fi cin kasuwa ba, kamar dai nan Ghana, amma duk da haka sun iya tara 'yan wasa huɗu ko biyar da za su tsaya wa tutar ƙasa a gaban manya.

A watan Fabrairun 2023 Koriya ta karɓi baƙuncin Beljiyam a birnin Seoul, a karawar neman shiga zagayen ƙasashe 16. Tsarin shi ne wasanni biyar cikin kwana biyu, duk ƙasar da ta fara cin uku ta wuce. A ranar farko Kwon Soon-woo, wanda shi ne jagoransu, ya sha kashi a hannun Zizou Bergs, sannan David Goffin, wanda ya taɓa zama na 7 a duniya kuma ya kai Beljiyam wasan ƙarshe a 2015 da 2017, ya doke Hong Seong-chan. Aka kwana ana cin masu gida biyu da nema, ba su da sauran damar yin kuskure ko ɗaya.

Washegari aka fara da wasan bibbiyu, kuma a nan ne nake so mai karatu ya ɗan dakata. Song Min-kyu da Nam Ji-sung ba sunaye ba ne da ake ji a manyan gasanni, alhali abokan karawarsu, Sander Gillé da Joran Vliegen, sun daɗe suna yawon duniya tare a wannan fanni. Wasan bibbiyu kuwa wasa ne na sabo da fahimtar juna: wanda ke tsaye kusa da raga yakan mai da hannunsa baya ya yi wa abokinsa ishara da yatsu, ko zai tsallaka ya tare ƙwallo ko zai tsaya a gurbinsa, shi kuma mai bugun farko ya amsa da kalma ɗaya kafin ya cilla ƙwallon sama. Irin wannan amana ba a ƙulla ta a sansanin mako guda. Song da Nam suka yi nasara, Kwon ya dawo ya doke Goffin bayan ya faɗi a kashin farko na wasan nasu, daga nan nauyin ƙasa gaba ɗaya ya koma kan Hong, wanda a lokacin ba ya ma cikin 'yan wasa 200 na farko a duniya. Ya doke Bergs, aka tashi 3 da 2.

Abin da ya fi burge ni shi ne cewa Chung Hyeon, ɗan wasan da ya fi kowane ɗan Koriya ɗaukaka a wannan wasa, ba ya cikin tawagar. Shi ne ya fitar da Novak Djokovic a gasar Australian Open ta 2018 har ya kai wasan kusa da na ƙarshe, ya kuma hau matsayi na 19 a duniya, kafin ciwon baya ya riƙa nisanta shi da fili. Kafin shi akwai Lee Hyung-taik, wanda ya ci gasar Sydney a 2003 ya kuma ja ƙasarsa zuwa rukunin manya na 2008. Da Koriya ta zauna jiran wani Lee ko wani Chung, da ba ta doke Ostiriya a 2022 ba, balle Beljiyam. Gaskiya ne cewa a birnin Valencia na Sifen, inda suka buga zagayen rukuni shekara biyu a jere, ba su ci karawa ko ɗaya ba, ko da yake Kwon ya kayar da Félix Auger-Aliassime na Kanada a 2022, shekarar da Kanada ta ɗauki kofin. A ganina wannan bai rage musu komai ba, domin isa wurin shi kansa aiki ne da ƙasashe da yawa masu kuɗi suka kasa.

To, mu fa? Ghana ma tana buga Kofin Davis, kuma manyanmu ba su manta da Frank Ofori ba, amma ka tambayi matasan Nima ko Sabon Zango sunan ɗan tawagarmu ɗaya na yanzu ka ga ko za ka sami amsa. Ba rashin baiwa ba ne. Zangon Kumasi ya ba ƙasar nan Baba Yara, Nima ta ba ta Mohammed Kudus, kuma duk wanda ya bi ta lungunanmu da yamma zai ga yara sun ɗora falankin katako a kan bulo, sun gitta wani katakon a matsayin raga, suna buga tanis na tebur da saurin ido da na hannu mai ban mamaki. Abin da ya raba su da babban fili shi ne tsadar raket da takalmi, da ƙwallayen da ke saurin mutuwa, da kuma tunanin da ya zauna a zukatanmu cewa wannan wasa na 'ya'yan masu hali ne.

Filaye kam yanzu akwai su, tunda an gina na Borteyman domin Wasannin Afirka da Accra ta karɓa a watan Maris na 2024, ban da na filin wasa na Accra. Ina kira ga masu ruwa da tsaki da su ware wa makarantun unguwanninmu, har da na Islamiyya, ranakun da za a kai yara can, a kuma koya musu wasan bibbiyu tun da wuri maimakon a tattara komai a kan yaro ɗaya da ake ganin zai yi fice. Sarakunan Zango da attajiranmu da ke sayen riguna da kofuna domin gasar ƙwallon ƙafa a lokacin bikin salla za su iya ɗaukar nauyin raket goma da kuɗin mota ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Kai kuma, ranka ya daɗe, roƙona shi ne duk lokacin da tawagar Ghana za ta buga Kofin Davis, jaridarka ta kawo mana sunayen 'yan wasan, da ƙasar da za su kara da ita, da sakamakon kowane wasa, har da na bibbiyu, cikin harshen Hausa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Nima, Accra